Ƙwayoyin tsai da jini sun ragu, kuma tana kan maganin ciwon damuwa: a ajiye ko a ci gaba?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, shawara nake nema a kan yayata. Ta haura shekara hamsin, kuma tun farkon shekarar nan likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ta a kan maganin ciwon damuwa mai suna sertraline. Alhamdulillahi ta samu sauƙi sosai, barci ya dawo, tana shiga mutane. To kwanan nan muka lura jini yana kwanciya a hannayenta da ƙafafunta ba tare da ta buge ba, in ta goge baki kuma dasashinta sai ya yi jini. An yi mata gwaji, a layin da aka rubuta PLT an sa 92, mai gwajin ya ce ya yi ƙasa. Mijinta ya ce daga yau ta ajiye duk magungunan. Ni kuma gabana faɗuwa yake, don na ga halin da take ciki kafin ta fara sha. Ranar ganin likitanta da saura. Yaya za mu yi?

Nas Rahila:
Wa alaikumus salam Maman Khalil, Allah ya ba ta lafiya. PLT ɗin nan shi ne lissafin ƙwayoyin da ke taruwa su toshe wuri idan jijiya ta fashe. 92 ɗin da kika gani 92,000 ne a cikin maikurolita ɗaya na jini. Na mai lafiya yana tsakanin 150,000 da 450,000. Ya yi ƙasa kam, amma bai kai inda jini ke ɓallewa da kansa ba, wannan galibi sai an sauka ƙasa da 20,000, musamman ƙasa da 10,000. Kada ku jira ranar da aka ba ta, ku je gobe da takardar a hannu. Idan kuma kafin goben kuka ga haɓon da ya ƙi tsayawa, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, ko jini a fitsari, ko ƙurji mai jini a cikin baki, ko ciwon kai mai tsanani da ba ta saba yi ba, to a daren nan ku wuce sashen gaggawa.

Alhaji Tanko:
Ni dai ina bayan mijin. Jini ba abin wasa ba ne. Mutum yana shan abu, jikinsa ya nuna bai karɓa ba, me ake jira? A tsayar tukuna, in an ga likita sai ya ce ga abin da za a yi. Damuwa ai tana iya jiran kwana biyu, zubar jini kuwa ba ya jira.

Habibu Famasis:
Ranka ya daɗe Alhaji, a ɗan dakata mana. Maman Khalil, kin ce "duk magungunan". Ke nan ba sertraline kaɗai ba ne. Don Allah ki ɗauko ledar maganinta ki rubuto mana sunan kowanne yadda yake a jikin kwali, har da wanda take saya da kanta, har da na ganye in akwai, da kuma lokacin da ta fara kowanne.

Maman Khalil:
To Malam Habibu, ga su. Sertraline miligiram 100 da safe. Sai sodium valproate safe da dare, shi wajen wata biyu ke nan da likitan ya ƙara mata, saboda akwai lokacin da ta daina barci gaba ɗaya tana ta surutu da kashe kuɗi. Sai diclofenac da take saya saboda ciwon gwiwa, kusan kullum take sha. Ban ambace shi ba don na ɗauka ba shi da alaƙa da maganar.

Habibu Famasis:
Yana da alaƙa ƙwarai. Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa a nan, kuma raba su shi ne rabin amsar.

Na farko yawan ƙwayoyin tsai da jinin. Na biyu ƙarfin aikinsu. Sertraline da 'yan gidansu, wato fluoxetine, paroxetine, citalopram da escitalopram, aikinsu shi ne su toshe ƙofar da sinadarin sirotonin ke bi ya koma cikin jijiyar ƙwaƙwalwa. To irin wannan ƙofar ce sak a jikin ƙwayoyin tsai da jini. Su ba sa iya ƙera sirotonin da kansu, mafi yawansa a hanji ake yin sa, su kuma su tsotse shi daga cikin jini su adana, ranar da jijiya ta fashe su sake shi domin ya taimaka musu su manne da juna. Idan mutum ya ɗauki makonni yana shan maganin, ajiyar tasu takan yi ƙasa. Kamar magina ne sun hallara cif, amma simintin hannunsu ya yi kaɗan. Shi ya sa za ka ga mai shan irin wannan magani jini na saurin kwanta masa, amma a yi gwaji a tarar PLT ɗinsa lafiya lau.

Yayarki kuwa lissafin ne ya sauka. Wanda aka fi sani da wannan a cikin ukun nan shi ne valproate, kuma yakan bi yawan abin da ake sha, in an ƙara ya ƙara sauka, in an rage ya farfaɗo. Ya fi faruwa ga mata da masu shekaru. Diclofenac kuma shi ma yana raunana aikin ƙwayoyin, ga shi yana cin bangon ciki. Haɗa shi da sertraline sananniyar hanya ce ta zubar jini a ciki. Wato abu uku ne suka taru a kanta, kowanne ta ɓangarensa.

Nura Ɗakin Gwaji:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Kafin a ɗora wa kowane magani laifi, a tabbatar 92 ɗin gaskiya ne. Kwalbar da muke ɗibar jini a ciki tana da sinadari a ciki. Ta wannan gwajin ita ce mai murfi shanshanbale, sinadarinta EDTA. Akwai mutanen da ƙwayoyinsu ke dunƙulewa a cikinta, na'ura kuma ba ta ƙirga dunƙule, sai ta ba da lissafi kaɗan alhali mutum ba abin da ya same shi. Maganin abin shi ne a shafa jinin a gilashi a duba da ido ta madubin ɗakin gwaji, ko a sake ɗiba a kwalba mai sinadarin sitiret. Tunda ita akwai alamu a jikinta, na fi zaton na gaske ne, amma dubawar ba ta da wahala. Kuma a duba sauran layukan takardar: fararen ƙwayoyin jini da jajaye suna lafiya? In su ma sun sauka, magana ta koma kan ɓargo, wannan wani babi ne daban.

Alhaji Tanko:
To kun ga ni, maganata ce ta fito. Ku da kanku kun ce magungunan ne. Sai a ajiye.

Zainabu A.:
Baba Alhaji, da girmamawa, ina roƙon ka janye wannan shawarar. Ni mai shan irin wannan magani ce, kuma na taɓa ajiye paroxetine kwatsam saboda wani na gida ya matsa mini. Abin da ya biyo baya ba na fatan sa ga kowa: jiri, tashin zuciya, wani abu kamar wutar lantarki yana fizgar kaina in na juya ido, kuka ba dalili. Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan wasu makonni ciwon ya dawo fiye da da, har na kai ga tunanin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ka ce damuwa tana iya jira. Wallahi Baba wannan ciwon yana kashe mutane, shiru kawai ake yi da maganar. Mu da ke ciki, abin da ya fi mana ciwo shi ne duk ranar da wani abu ya taso a jiki, maganin ƙwaƙwalwar ake fara cewa a jefar, kamar shi ne marar muhimmanci. Da maganin hawan jini ne ko na suga, ba wanda zai ce a ajiye kafin a ga likita.

Alhaji Tanko:
Allah ya ƙara miki lafiya 'yata, ban faɗa don in raina ciwon ba. Amma ko da an bar sertraline ɗin, shi wancan da Habibu ya ce shi ne ya rage jinin, me zai hana a tsayar da shi yau?

Dakta Sa'adatu:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ban ga mara lafiyar ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne, hukunci yana hannun likitanta.

Alhaji, tambayarka tana kan hanya. Abin da Maman Khalil ta bayyana, rashin barci da yawan surutu da kashe kuɗi, alama ce ta cewa ciwon ba damuwa zalla ba ne, yana da ɓangaren hauhawa. Valproate ɗin shi ke riƙe wannan ɓangaren. Idan aka cire shi dare ɗaya aka bar sertraline shi kaɗai, ana iya tunzura hauhawar ta dawo da ƙarfi. An gudu ba a tsira ba ke nan. A lissafin 92,000, kwana ɗaya kafin a ga likita bai kai haɗarin wancan ba, matuƙar babu alamun da Nas Rahila ta lissafa. Wanda za ta iya ajiyewa yau ba tare da jiran kowa ba shi ne diclofenac. Kada kuma a maye shi da ibuprofen ko asfirin, duk tafiyarsu ɗaya a wannan fannin. Farasitamol a kan ƙa'ida ya fi mata.

Game da valproate, abin ba ɓoyayye ba ne, yana cikin takardar maganin. Ta Depakote, wato sunan kasuwa na wani nau'in valproate a Amurka, ta kawo wani gwaji da aka yi a kan masu farfaɗiya da aka ba su adadi mai yawa, kimanin miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Kashi 27 cikin ɗari lissafinsu ya taɓa sauka zuwa 75,000 ko ƙasa da haka. Wajen rabinsu aka tsayar musu da maganin lissafin ya dawo, sauran kuma ya daidaita suna ci gaba da sha. Takardar ta ce haɗarin yana ƙaruwa idan maganin a cikin jini ya kai maikurogiram 110 a mililita ga mata, 135 ga maza. Shi ya sa sau da yawa rage adadi yake wadatarwa, ba sai an rabu da shi ba. In kuma sai an canja, akwai wasu, lithium alal misali ba ya rage waɗannan ƙwayoyin, sai dai shi ma yana da nasa sa-idon a kan ƙoda da kuma thyroid da ke maƙoshi. Carbamazepine ba mafita ba ce a nan, shi ma yana taɓa jini, wani lokaci fiye da haka.

Kuma likita ba zai tsaya a kan magani kaɗai ba. Zazzaɓin cizon sauro yana rage ƙwayoyin tsai da jini, haka ciwon hanta nau'in C, da HIV, da kumburin saifa, da ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, da shan barasa, da kuma ciwon da garkuwar jiki ke cinye su da kanta. Kasancewar mutum yana shan maganin ƙwaƙwalwa bai hana wani ciwon ya same shi ba.

Bashir (ɗalibin likitanci):
Dakta, a gafarce ni, amma kamar an wanke sertraline da yawa. Na ga rahotannin marasa lafiya da lissafinsu ya faɗi a kan magungunan damuwar kansu, ba valproate a ciki. Idan muka ce su aiki kawai suke raunanawa, wani zai ga lissafinsa ya faɗi ya ce ai ba maganin ba ne.

Dakta Sa'adatu:
Gaskiyarka Bashir, kuma na gode da ka tayar. Yana faruwa, sai dai da wuya ƙwarai, shi ya sa yawancin abin da aka sani daga rahoton mutum ɗaya-ɗaya ne. An ruwaito shi a kan sertraline da 'yan gidansu, an ruwaito a kan mirtazapine, da tsofaffin magunguna irin su imipramine. Amma kamanninsa daban ne, kuma wannan bambancin ne nake so ka riƙe.

A irin wannan, garkuwar jiki ce ke ƙera makamin da ba ya kama ƙwayar tsai da jinin sai maganin yana cikin jini. Yakan bayyana kwana 5 zuwa 10 da fara sabon magani. Idan kuwa mutum ya taɓa sha a baya jikinsa ya riga ya shirya, cikin sa'o'i ma yana iya faruwa. Faɗuwar kuma ba a hankali take ba, sau da yawa ƙasa da 20,000 take kaiwa, da ɗige-ɗigen ja a ƙafafu waɗanda ba sa ɓacewa in an danna, da jini a baki. A nan kam ba maganar ragewa, tsayarwa ake yi nan take, a asibiti, kuma ba a sake komawa kansa har abada, domin makamin yana daɗewa a jiki shekaru. Bayan tsayarwa lissafin yakan fara hawa cikin kwana ɗaya ko biyu da fitar maganin daga jiki, ya daidaita cikin kamar mako guda, tunda ɓargo lafiyarsa ƙalau kuma ƙwayar dama kwana 7 zuwa 10 take rayuwa a sabunta ta. Fluoxetine yana iya jan lokaci fiye da haka, saboda yana daɗewa bai bar jiki ba.

Yanzu ka auna da yayar Maman Khalil: watanni tana kan sertraline ba abin da ya faru, aka ƙara valproate, bayan wata biyu lissafi ya sauka zuwa tsaka-tsaki. Wanne labarin ya fi kama da shi? Tambayoyin da ake yi ke nan kullum: maganin ya riga faɗuwar? Lissafin ya dawo da aka cire shi? An kore sauran dalilai? Tsohuwar takardar gwaji tana da daraja sosai a nan. Maman Khalil, in akwai wadda aka yi mata kafin a fara valproate, ku tafi da ita.

Usman Ɗanlami:
Irin na garkuwar jikin nan shi ya sami ƙanina. Yana kan amitriptyline shekara da shekaru lafiya. Aka ba shi Septrin saboda ciwon fitsari, mako bai cika ba ya tashi da ɗige-ɗige a ƙafa da jini a baki, lissafi 8,000. Duk gida aka ce maganin damuwar ne, saboda shi aka sani. Likitan jini ya tambayi abin da ya shigo sabo, aka cire Septrin, aka bar masa amitriptyline ɗinsa, ya warke. Yanzu yana yawo da kati a aljihu da sunan maganin.

Habibu Famasis:
Katin nan dabara ce mai kyau, Usman. Septrin, kwinin, rifampicin na tarin fuka, vancomycin, su ne manyan masu wannan laifin. Na kwinin tun 1865 aka rubuta shi a mujallar Lancet. Heparin, maganin hana jini daskarewa, shi ma yana rage ƙwayoyin, amma nasa ya fi zuwa da daskarewar jini a jijiya maimakon zuba. Akwai kuma linezolid, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ya kamata mai shan maganin damuwa ya san sunansa: yana danne ɓargo in an wuce mako biyu ana sha, kuma haɗa shi da su sertraline yana iya sa sirotonin ya yi yawa har ya zama haɗari.

Maman Khalil:
Jama'a mun je, Allah ya saka da alheri. An sake gwajin an kuma duba a gilashi kamar yadda Malam Nura ya ce, ba dunƙulewa, 89 aka samu. Sauran ƙwayoyin lafiya. Mun samo tsohuwar takarda, kafin valproate 240 ne. Likitan ya rage valproate, ya bar sertraline yadda yake, ya hana diclofenac, ya ce a duba hanta, a kuma maimaita gwajin mako mai zuwa. Mijin nata ya shiga tare da mu, ya ji da kunnensa, hankalinsa ya kwanta.

Alhaji Tanko:
Madalla. Allah ya ƙara sauƙi. Amma ina da saura: tunda an san haka, me ya sa ba a gaya wa mutane tun ranar da aka rubuta musu maganin?

Habibu Famasis:
A nan kam ina tare da kai Alhaji ɗari bisa ɗari. Ni a ganina duk wanda za a ɗora a kan maganin damuwa, kowane iri ne, a yi masa gwajin jini tun farko. Kun ga yadda 240 ɗin nan ya warware magana. Ba don ita ba da har yanzu ana hasashe.

Dakta Sa'adatu:
Malam Habibu, rabi na yarda. Ga valproate da carbamazepine, gwaji kafin farawa da kuma bayan an fara wajibi ne, da kafin kowace tiyata. Amma ga matashi mai lafiya da za a ba sertraline shi kaɗai, ba na sharɗanta shi. Dalilina biyu. Matsalar da maganin ya fi haifarwa ta aiki ce, kuma lissafi ba ya nuna ta, sai takarda ta fito lafiya mutum ya saki jiki ya ci gaba da shan diclofenac. Na biyu, mai ciwon damuwa da ƙyar yake kawo kansa asibiti. Duk matakin da ka ƙara masa kafin ya fara magani, akwai waɗanda daga nan ba za su dawo ba. Abin da ya fi gwaji amfani a wurinsu tambaya ce: kana shan asfirin, warfarin mai tsinka jini, ko maganin ciwon jiki? Ka taɓa gyambon ciki? Kana da ciwon hanta? Shekarunka nawa? Wanda ya amsa e, shi ne za a yi wa gwaji, a yi tunanin ba shi omeprazole ya kare ciki, ko a zaɓar masa wani maganin.

Habibu Famasis:
Na ji hujjarki Dakta, ta biyun ma ta fi kama ni. Sai dai tambayoyin nan ba kullum ake samun lokacin yin su ba in layi ya yi tsawo, takarda kuwa tana nan ko bayan shekara. Ina nan a kan ra'ayina ga duk wanda ya haura hamsin ko yake shan magani fiye da ɗaya. Bayanin da Alhaji ya nema kuma, nauyinmu ne mu masu miƙa maganin, ba na likita kaɗai ba.

Hauwa'u M.:
Don Allah Dakta ni ma in tambaya, tunda an buɗe maganar. Ina kan fluoxetine, kuma tun da na fara al'adata ta ƙaru sosai, har ina jin jiri. An yi gwaji PLT 260, aka ce ba komai. Ina shan mefenamic acid saboda ciwon mara. Ga kuma haƙori da za a cire mini.

Dakta Sa'adatu:
Hauwa'u, lissafinki lafiya, amma wannan bai kore maganin ba, naki ɓangaren aiki ne da Malam Habibu ya bayyana. Fluoxetine yana cikin masu toshe ƙofar sirotonin da ƙarfi, tare da paroxetine da sertraline, kuma mefenamic acid ɗan gidan su diclofenac ne. Ki koma ki faɗa wa likitanki maganar al'adar ƙarara, kada kunya ta hana ki, ki kuma nemi a duba yawan jininki da sinadarin ƙarfe, don jirin nan yana iya zama ƙarancin jini ne, shi kuma yana kawo kasala da mutuwar jiki har a ɗauka damuwar ce ta dawo. A duba mahaifa ma, kada a ɗora wa magani abin da ƙari ne ya kawo. In ya tabbata maganin ne, akwai waɗanda ba su cika taɓa wannan ƙofar ba, irin su mirtazapine da bupropion, kuma canjin a hankali ake yin sa a hannun likita.

Maganar haƙori, galibi ba a tsayar da fluoxetine saboda cire haƙori, kuma tsayar da shi kwana biyu kafin ranar ba ya canja komai tunda yana ɗaukar makonni kafin ya bar jiki. Ki gaya wa likitan haƙorin duk abin da kike sha tun kafin ranar, zai tanadi abin tsai da jini a wurin, ya kuma gaya miki yaushe za ki dakata da mefenamic acid ɗin.